Alamar Shafi da Salsalar Zuriya: Sharhi a kan Manhajojin Adana Adireshi a Binciken Tarihin Iyali a Kano

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan sha'awar binciken asali ta ƙaru a tsakanin 'yan boko na Kano, musamman mazauna unguwannin da ke wajen ganuwa. Unguwar Badawa da ke Ƙaramar Hukumar Nassarawa misali ce mai kyau. Da yawa daga cikin magidantanta ma'aikata ne da 'yan kasuwa waɗanda aka yanke cibiyarsu a wani wuri, kakanninsu kuma suna kwance a maƙabartun cikin birni ko na wasu garuruwa. 'Ya'yan irin waɗannan gidaje ba su tashi a zauren da tsofaffi ke jero sunayen magabata ba, don haka idan tambayar asali ta taso sai su nufi intanet. Duk shafin da suka ci karo da shi mai ambaton garinsu ko sarautar gidansu sai su adana adireshinsa, su kuma aika wa dangi.

Wannan ajiyar adireshi ita ce za a riƙa kira "alamar shafi" a cikin wannan takarda. Manufar takardar ita ce ta auna manhajojin da aka ƙirƙira domin adana waɗannan alamomi da rarraba su, ta fuskar amfaninsu ga mai binciken tarihin zuriya a ƙasar Hausa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa alamar shafi hanya kawai take nunawa zuwa ga shaida, kuma duk wanda ya ɗauke ta a matsayin shaidar kanta ya yi wa zuriyarsa gini a kan rairayi. Za a yi awon ne da ma'auni uku: ɗorewa, tantance suna, da kuma amana.

2.0 Yadda Manhajojin Suke

Aikin waɗannan manhajoji bai da wuyar fahimta. Mutum zai buɗe asusu, ya ajiye adireshin shafin da ya karanta, ya liƙa masa wata kalma da za ta sa shi cikin rukuni, alal misali "Wangarawa" ko "Sarki Abbas", sannan ya ba wasu izinin ganin jerin nasa. Wadda ta fito da wannan tsari fili ita ce Delicious, wadda Joshua Schachter ya kafa a Amurka a 2003. Bayanta aka sami Diigo da Pinboard da Pocket da makamantansu. Akwai kuma Zotero, wadda ta fito daga Jami'ar George Mason a 2006, ita kuwa domin manazarta aka yi ta, tana ajiye sunan marubuci da shekara da ma kwafin shafin.

Ba za a yi musun alfanunsu ba. Madogaran tarihin Kano a warwatse suke. Wasu suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wasu a Arewa House, wasu a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, nan Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a 1909. Wasu kuma suna Ingila. Shirin ceton takardu na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki hotunan takardu masu yawa daga Arewacin Nijeriya ya sa a intanet. Ɗalibin da ke zaune a Badawa zai iya tara adiresoshin waɗannan a wuri guda, ɗan'uwansa da ke Maradi ko Jidda ya gani a take. Wannan ci gaba ne wanda manazartan da suka gabace mu ba su samu ba.

3.0 Ma'auni na Farko: Ɗorewa

Tarihin zuriya abu ne da ake rubutawa domin jikoki da tattaɓa-kunne. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa kowace ma'ajiya ita ce: shekara nawa za ta yi? A nan tarihin manhajojin da kansa ya ishe mu amsa. Kamfanin Yahoo ya sayi Delicious a 2005, ya sayar da ita a 2011, ta yi ta sauya hannu har Pinboard ta saye ta a 2017, aka daina karɓar sababbin ajiya. Google ta rufe tata ma'ajiyar alamomin a watan Satumba na 2021. Pocket kuwa, Mozilla ta rufe ta a watan Yuli na 2025, ta ba masu asusu 'yan watanni su kwashe kayansu. Ke nan cikin shekara ashirin da 'yan kai, ƙasa da tsawon zamani guda na uba da ɗa, manyan ma'ajiyu uku sun shuɗe.

Ko da manhajar ta rayu, shafin da ta nuna yana iya mutuwa. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Manyan cibiyoyi ma ba su tsira ba: harin da masu kutse suka kai wa Ɗakin Karatu na Birtaniya a watan Oktoba na 2023 ya dakatar da yawancin ayyukansa na intanet tsawon watanni.

Sai mu kwatanta wannan da abin da muka gada. Littafin Asl al-Wangariyyin, wanda ya ba da labarin zuwan Shaihu Abdurrahman Zagaiti da jama'arsa Kano daga Mali, an rubuta shi ne a tsakiyar ƙarni na 17, ya kuma rayu a hannun mutane har Muhammad al-Hajj ya buga shi a mujallar Kano Studies a 1968. Abin da ya raya shi fiye da shekara ɗari uku shi ne al'adar kwafi. Malamin da ya ga littafi a wurin wani ba ya wadatuwa da sanin gidan da littafin yake; arowa yake yi, ya zauna ya kwafe da hannunsa, ya sa a gafakarsa. Mai alamar shafi kuwa kwatancen gidan kawai ya riƙe. Ranar da aka rushe gidan, kwatancen ya zama banza.

4.0 Ma'auni na Biyu: Tantance Suna

An gina manyan shafukan binciken zuriya na Turai da Amurka, irin su Ancestry da FamilySearch, a kan abubuwa biyu: sunan dangi da ake gada, da kuma rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Bahaushe bai tsara nasabarsa haka ba. Sunan uba yake jinginawa da nasa, don haka sunan ƙarshe yakan sauya daga zamani zuwa zamani. Da makarantar boko ta zo, yara da yawa sunan garinsu aka rubuta musu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Ga kuma al'adar alkunya, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, da kuma sakaya sunan yaron da aka yi wa takwara da kakansa, har mutum ya mutu jama'a ba su san sunansa na yanka ba. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya kuwa sai a 1979 aka fara yin ta.

Kalmar rukunin da manhajojin suka dogara da ita ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Wanda ya sa "Badawa" zai tarar an haɗa masa unguwar Kano da al'ummar Bade ta Gashuwa a Jihar Yobe, domin su ma Badawa Bahaushe ke ce musu. Wanda ya sa "Nassarawa" zai kwaso ƙaramar hukumar Kano tare da jihar da aka ƙirƙiro a 1996. Mamman da Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ne a gida, amma mutum uku ne a wurin na'ura. Haka nan rashin sa lanƙwasa a baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ yana raba Ɗambatta da Dambatta.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta hukunci. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya sa zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wato ƙarni na 14. Asl al-Wangariyyin kuwa ya kai zuwan Zagaiti zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Tsakanin ruwayoyin biyu akwai kusan shekara ɗari, kuma masana sun daɗe suna tattauna wannan saɓani. A cikin jerin alamomi, za a ga adiresoshin biyu ɗaya bisa ɗaya, ƙarƙashin kalma guda, ba abin da zai nuna wa mai karatu cewa suna karo da juna. Ƙasa da su kaɗan kuma za a iya samun rubutun wani a Facebook wanda bai faɗi inda ya samo labarinsa ba, shi ma da daraja ɗaya da su. Malamanmu sun riga sun warware wannan da ilimin isnadi: kowane labari sai an san wanda ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaya amincinsa yake. Jerin alamomi ya tara matani ya zubar da isnadi.

5.0 Ma'auni na Uku: Amana

Abin da aka fi yabon manhajojin da shi shi ne sauƙin rarrabawa, kuma a nan ne haɗarinsu ya fi tsanani a wurinmu. A ƙasar Hausa asali ba abin nishaɗi ba ne. Da shi ake bincike kafin a ba da aure, da shi ake neman sarauta, da shi ake raba gado, da shi kuma ake neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda samun makaranta da aikin gwamnati ke rataye a kanta.

Takardun da suka fi amfani ga mai binciken zuriya su ne kuma suka fi tona asiri. Bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, cike suke da sunayen mutane da rigingimun gida da gona da bauta. Aikin Mohammed Bashir Salau a kan gandayen Fanisau, wanda ya fito a 2011, ya dogara da hirarrakin da aka yi da mutanen wurin. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936, wato a zamanin kakannin mutanen da ke raye yau. Manazarci yana karanta irin waɗannan da natsuwa da sanin yanayin zamanin. Amma idan saurayi ya tsinci shafi guda, ya liƙa masa sunan wani gida, ya sake shi a jerin da kowa ke gani, yana iya ɓata auren da ba ruwansa da shi, alhali wataƙila ma sunan ne kawai ya zo ɗaya. Tsofaffin da ke riƙe da salsala sun san abin da ake faɗa a zaure da abin da ake faɗa a ɗaka. Manhaja ba ta san wannan bambanci ba sai an koya mata, kuma Delicious tun asali a buɗe take barin jerin mutum sai in shi ya rufe.

6.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Wannan sharhi ba kira ba ne da a yi watsi da manhajojin. Abin da ake bukata shi ne a mayar da su matsayin ɗan aike, a kuma bi wasu ƙa'idoji. Da farko, duk shafin da aka dogara da shi a kwafe shi, a ajiye a na'ura fiye da ɗaya, muhimmi kuma a buga shi a takarda. Ma'ajiyar Wayback Machine ta Internet Archive tana ba kowa damar ajiye hoton shafi kamar yadda yake a ranar, Zotero ma tana yin haka. Waɗannan sun fi manhajar da adireshi kaɗai take riƙewa. Na biyu, kowace alama a yi mata isnadi: wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya samo, ranar da aka gani, in kuma takardar gidan adana tarihi ce, a rubuta lambar fayil ɗinta, domin lambar fayil ta fi adireshin intanet tsawon rai. Na uku, a rubuta kowane suna da duk siffofinsa, na yanka da laƙabi da na sarauta, da boko da ajami. Na huɗu, jerin zuriya ya zauna a rufe, kada a saki abin da ya taɓa mutuncin wani gida sai da shawarar manya.

Sama da duk waɗannan, a tuna cewa mafi yawan tarihin gidajenmu bai taɓa shiga intanet ba. Yana bakin gwaggo da kaka, waɗanda suka san wa ya auri wa, wa ya sha nono da wa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yawan abin da mace guda take ɗauke da shi. Irin wannan madogara ba ta da adireshin da za a adana, kuma ita ce ke saurin ɓacewa.

7.0 Kammalawa

An auna manhajojin adana alamar shafi da ma'auni uku, an kuma ga cewa a kowanne akwai giɓin da mai bincike ne kaɗai zai cike. Nauyin yana kan malaman jami'a da na kwalejojin ilimi da ke duba ayyukan ɗalibai: kada su karɓi jerin adiresoshi a madadin hujja. Ɗalibin da ke Badawa yana da Gidan Ɗan Hausa a kusa da shi, yana da motar Kaduna, yana kuma da tsofaffin gidansu. Ya fara da tsofaffin tun suna raye, ya rubuta abin da suka faɗa da ranar da suka faɗa, sannan ya koma ga na'ura domin neman abin da zai gaskata ko ya gyara.