Zabura 42 da 43: Yadda Mai Wa'azi Zai Karanta Waƙa

Sau da yawa a ajin koyon wa'azi mukan ba ɗalibi Zabura 42, sai ya tashi ya tsawata wa marubucin. Yakan ce mutumin ba shi da bangaskiya, domin ya ƙarfafa kansa amma ya sāke komawa kuka. Ɗalibin ya yi karatu, kuskurensa ɗaya ne: ya karanta waƙa kamar yana karanta doka. Babban kashi na Tsohon Alkawari kuwa waƙa ne, wato Zabura, Karin Magana, Makoki, yawancin Ayuba da yawancin Ishaya. Saboda haka wajibi ne mu san kalmomin da masu nazarin waƙa suke aiki da su. Ku buɗe Littafi Mai Tsarki a gabanku, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗango, baiti da amshi

Ɗango shi ne layi guda na waƙa. Ɗangwaye kuma su ne suke haɗuwa su yi baiti. Amshi kuwa mun san shi a bakin mawaƙan zumuntar mata: maganar da ake komawa gare ta bayan kowane baiti. A nan amshin ya zo sau 3, a 42:5, 42:11 da 43:5, inda mawaƙin yake tambayar ransa dalilin karayarsa, yana kuma umartarsa ya sa zuciya ga Allah. Wannan ya nuna mana cewa surorin biyu waƙa ɗaya ce mai baiti 3. Zabura 43 ba ta da kan magana a Ibrananci, littattafan hannu da yawa na Ibrananci ma sun haɗa su. Mai wa'azin da ya tsaya a 42:11 ya katse waƙar kafin ta kai bagaden Allah a 43:4.

Amsa-amon ma'ana

Rubutacciyar waƙar Hausa tana da amsa-amo, wato ƙarshen ɗangwaye yakan zo da sauti iri ɗaya. Waƙar Ibrananci ba ta dogara da wannan ba. A cikinta ɗango na biyu ma'anar na fari yake amsawa: ko ya maimaita ta da wasu kalmomi, ko ya kawo kishiyarta, ko ya ɗora a kanta. Robert Lowth, limamin ikilisiyar Ingila, shi ne ya bayyana waɗannan kashi 3 a laccocinsa da aka buga a 1753. Alheri ne a gare mu, domin sauti yakan ɓace a fassara, amma ma'ana takan haye zuwa Hausa lafiya.

Ku duba 42:8. Ɗango na fari ya ambaci ƙaunar Ubangiji da rana, na biyu ya ambaci waƙarsa da dare. Kada mu tsaga ayar mu ce ƙauna ta rana ce, waƙa kuma ta dare. Rana da dare a haɗe suna nufin babu lokacin da Ubangiji ya janye. A wannan aya kaɗai, cikin ayoyi 16, mawaƙin ya kira Allah da sunansa na alkawari, ita ce kuma take tsakiyar waƙar.

Kamantawa da siffantawa

Kamantawa ita ce a auna abu da wani ta wurin kalma irin su kamar, tamkar, ko sai ka ce. A 42:1 an kamanta rai da dabbar jeji mai neman ruwa. Duk wanda ya ga dabbobi a ƙarshen rani, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, ya san wannan ƙishirwa ta mutuwa ko rayuwa ce. Siffantawa kuwa ba ta bukatar kamar, kai tsaye take ba abu sunan wani. A 42:3 hawaye sun zama abinci, a 42:9 kuma Allah dutse ne. Tambayar da za mu riƙa yi ita ce: ta wace fuska abubuwan biyu suka yi kama? Allah ya yi kama da dutse wajen kafuwa da zama mafaka. Ku lura kuma, a ayar da mawaƙin ya kira shi dutse, a nan ne ya tambaye shi dalilin da ya manta da shi.

Mutuntarwa

Ita ce a ba abin da ba mutum ba halin mutum. A 42:7 zurfi yana kiran zurfi. A 43:3 haske da gaskiya sun zama 'yan aike masu yi wa baƙo ja-gora zuwa gida.

Abin da adon harshe ya koya mana

Yanzu mu bi ruwa cikin waƙar. Da farko ruwan da ake ƙishirwarsa ne. Sai ya zama hawaye. A 42:7 ya zama ambaliya, mawaƙin kuwa ya ce raƙuman ruwan na Allah ne. Wanda ya roƙi kurɓi ga shi yana nutsewa. Ƙarar kuma ta yi tsanani: a 42:9 ya ce an manta da shi, a 43:2 ya ce an yashe shi. Duk da haka baiti na uku ya juya daga tunawa da kuka zuwa roƙo, amshin kuma bai sāke ba. Jigon waƙar ke nan, wato saƙon da ya ratsa ta duka: bangaskiya tana iya zama gida ɗaya da baƙin ciki, tana yi wa rai wa'azi sau da sau.

Mawaƙin yana ƙasar Urdun da Harmon (42:6), nesa da Haikali, yana tuna yadda dā yake bishe taron masu sujada. A ikilisiyoyinmu akwai waɗanda aka kora daga garuruwansu, suka bar majami'unsu kango, maƙwabta kuma suna tambayarsu inda Allahnsu yake. Idan muka hau mumbari muka ce kuka rashin bangaskiya ne, mun ƙwace musu addu'ar da Ruhu Mai Tsarki ya ajiye dominsu. Idan kuwa muka karanta waƙar yadda aka tsara ta, za mu iya sa ikilisiya ta ɗauki amshin tare da su, har sau uku.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku nemo amshin Zabura 46. Sau nawa ya zo, me ya gabace shi kowane karo?
2. A Zabura 1:3-4 akwai kamantawa biyu. Ta wace fuska kowace ta yi kama da mutumin da ake nufi?
3. Ku shirya wa'azin minti 10 daga 42:7-8 domin iyalin da suka yi rashi.