Klopp Kafin Duniya Ta San Shi

Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo sun san Jürgen Klopp da hular hana-sallah da dariya da naushin iska a Anfield. Littafin Raphael Honigstein, "Klopp: Bring the Noise", wanda ya fito a 2017, ya koma baya can inda ba mu gani ba, kuma nan daɗinsa yake.

Klopp ya shafe 1990 zuwa 2001 yana taka wa Mainz leda a rukuni na biyu na Jamus. Da ɗan gaba ya fara, aka mai da shi baya. Dogo ne mai ƙarfi da zuciya, amma ƙafarsa ba ta kai kansa gudu ba, kuma marubucin bai yi masa kwalliya a kan wannan ba. Babin da ya fi kama ni shi ne na Wolfgang Frank, kocin da ya zo Mainz a 1995 da dabarun kocin nan ɗan Italiya, Arrigo Sacchi: 'yan baya huɗu a jere, kowa ya tsare yankinsa maimakon bin mutum guda, a kuma taru a matsa wa mai ƙwallo. Ƙungiyar da ke daf da faɗawa ƙasa sai ga ta tana doke waɗanda suka fi ta kuɗi da gwanaye. Duk matsin lambar da aka gani daga baya a Dortmund ƙarƙashin Klopp, daga nan ya samo tushe.

A Fabrairun 2001 manajan Mainz Christian Heidel ya ɗauko Klopp daga cikin 'yan wasa ya damƙa masa ƙungiyar. A 2002 maki ɗaya ya hana su shiga Bundesliga; a 2003 ƙwallo ɗaya tal, wadda Eintracht Frankfurt ta zura ana shirin tashi. Honigstein ya ba waɗannan ranakun haƙƙinsu ta bakin waɗanda aka yi a gabansu, har sai da na ji haurowarsu Bundesliga a 2004 ta fi min kofunan Dortmund na 2011 da 2012 armashi.

Inda nake da ƙorafi, littafin yana tsalle daga Glatten, ƙauyen da Klopp ya tashi, zuwa Liverpool ya dawo Mainz, don haka wanda bai san tarihin ba zai iya ɓata hanya. Sannan kusan duk masu ba da labarin masoyansa ne, shi ya sa kakar ƙarshe a Dortmund, lokacin da ƙungiyar ta sauka har ƙasan tebur a farkon 2015, ba ta sha tambayoyin da suka kamace ta ba.