Littattafai Uku Kafin a Ɗaure Kaya

Ƴan uwa ɗalibai, sakamakon bak ya fito, babban hutu ya raba tsakiya, kuma waɗanda Allah ya ba gurbin karatu waje sun shiga jiran biza. A irin wanga lokaci kowa malamin tafiya ne: wani ya ce ka nemi rigar sanyi, wata ta ce kar ka manta yaji da kilishi. Ni tawa gudummawar littattafai uku ne da na karanta cikin daminar nan, duka da faransanci, duka kan zaman baƙon Afirka a biranen Faransa. Tambayar da na riƙe ina karatu guda ce: wanne zai amfani wanda zai sauka garin da ba wanda ya san sunan ubansa?

Na farko Bleu-Blanc-Rouge na Alain Mabanckou, ɗan Kongo, wanda ya fito a 1998. Wani saurayi ne, Massala-Massala, a birnin Pointe-Noire, yake kallon Moki, ɗan unguwarsu da ke zuwa hutu daga Pari da kwat da turare. Moki ya gina ma iyayensa gida, ubansa ya zama mai faɗa a ji, ƴan mata na layi. Yaro ya bi shi. Da suka isa sai ga gaskiya: ɗaki ɗaya a wani tsohon bene, mutum fiye da goma kwance a ƙasa, takardun bogi, sana'ar cak ɗin sata. Ƙarshenta kurkuku, sannan jirgin da ke maida korarru gida.

Rabin farko na littafin nan, wallahi, ba shi da makusa. Mabanckou ya nuna cewa ƙaryar Moki ba shi kaɗai ya gina ta ba, unguwar ce gaba ɗaya ke buƙatarta. Amma da labari ya isa Pari sai ya ƙuntace. Kusan duk baƙon da ka gamu da shi ɗan damfara ne. Ba ka ganin mai shara, mai dafa abinci, ko ɗalibin da ke fama da jarrabawa. Wanda ya karanta shi kaɗai zai tafi da tsoron ƴan uwansa baƙi, alhali su ne za su fara nuna mashi tashar metiro. Abin da ya ceci littafin shi ne ƙarshensa: yaron na cikin jirgin kora, amma tuni zuciyarsa ta fara shirin komawa. Nan marubucin ya faɗi gaskiya mai ɗaci, cewa gani ba kullum yake korar ji ba.

Na biyu Le Ventre de l'Atlantique na Fatou Diome, ƴar Senegal, 2003. Salie na zaune a Strasbourg, tana karatu tana aikatau don ta ci. Ƙanenta Madické na tsibirin Niodior, ba abin da ke bakinsa sai Paolo Maldini da burin buga ƙwallo a Turai. Lokacin gasar kofin Turai ta 2000 yana kiran ta don ta ba shi labarin wasa, ita ke biyan kuɗin wayar, shi ko bai taɓa tambayar yadda ta kwana ba. Cikin ukun, wannan ya fi kusa da mu, don ɗaliba ce ke magana, kuma mace. Diome ta san nauyin da ke kan wanda ya fita: in ya ce akwai wuya a ce rowa yake, in ya zo hutu hannu sake a ce ya ci amana. Labarin Moussa, yaron da aka kai Faransa buga ƙwallo aka maido shi da kunya har ya faɗa teku, ya hana ni barci.

To amma Diome na da son wa'azi. Sau da yawa sai ta tsayar da labari, Salie ko malamin lakwal Ndétare su shiga yi ma samari huɗuba shafi bayan shafi, abin da labarin Moussa ya riga ya faɗa da ƙarfi. Ga shi kuma birnin kansa ba mu cika ganinsa ba. Yawancin littafin a tsibiri yake. Ƙarshen ma ya yi santsi da yawa: ta tara kuɗi ta aika, Madické ya buɗe kanti, shi ke nan ya haƙura. Mu da muka san kantunan unguwa da yadda bashi ke cinye su, mun san maganar ba ta ƙarewa nan.

Na uku, kuma wanda na fifita, Debout-payé na Gauz, ɗan Kodebuwa, 2014. Sunan na nufin aikin da ake biyan ka don tsayuwa, wato gadin kanti. Ossiri, baƙo marar takardun zama, yana tsaye yini guda yana gadi, ba wanda ke ganinsa, shi ko yana ganin kowa. Gauz ya saƙa ƴan gajerun abubuwan da mai gadi ke lura da su da tarihin ƴan ƙasarsu a Pari: waɗanda suka zo karatu bayan ƴancin kai, rufe ƙofar ma'aikata baƙi a 1974, da tsananin binciken takardu bayan 11 ga Satumba 2001 wanda ya raba da yawa da aikinsu. Nan ne ka gane yadda birni ke aiki: wa ke sama ma wa aiki, yadda doka ɗaya ke maida mutum mai laifi cikin dare guda, yadda gidan ɗalibai ke komawa mafakar waɗanda karatu ya kuɓuce masu. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Littafin nan koyon buɗe ido ne. Laifinsa, barkwancin yakan wuce gona da iri, musamman kan jikin mata da rarraba mutane bisa ƙasarsu, abin da shi kansa yake kuka da shi.

Kar wani ya ce wannan labarin ƴan bakin teku ne. Tun 1958 Jean Rouch ya ɗauki Oumarou Ganda namu yana dako a Abijan cikin fim ɗin Moi, un noir. Kowace unguwa a Tahoua ko Maraɗi ta san Mokinta, ɗan cin ranin da ya dawo da rediyo da shadda ya ɓoye inda ya kwana. Yau rediyon ya koma hoton WhatsApp. Hatsarin da ke gabanmu ke nan: wata uku da sauka, za ka tsaya gaban ginin da ba naka ba ka ɗauki hoto don hankalin inna ya kwanta, ƙanenka kuma ya gani ya raina lakwal ɗin garinku.

Sai dai ukun duka a Faransa suka tsaya. Ba wanda ya kai Rabat, Aljer ko Istanbul, inda da yawa cikinmu ke zuwa, kuma ba wanda ya ba da labarin ɗan Nijar. Wannan aiki namu ne, mu masu haɗa ƴan takardun nan.

Shawarata: mai tafiya ya fara da Gauz, ya bi da Mabanckou. Na Diome ko, ka bar shi gida. Kafin ka tashi, ka zauna da ƙannenka ka ba su labarin Salie da Moussa da Hausa, inna na ji. Ranar da ka kira ka ce kuɗi sun ƙare, za a samu wanda zai yarda da kai.