Wannan ba hoton Shehu ba ne

Yanzu da wuya a kwana biyu ba a turo wa mutum "hoton Shehu Usmanu Ɗanfodiyo" a WhatsApp ba. Yau dattijo ne fari sol mai dogon hanci, gobe wani baƙi mai cikar gemu. Haka Sarauniya Amina a kan doki, haka Sarki Muhammadu Rumfa. Akasarinsu ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa cikin ƙiftawar ido, jama'a kuma sai kabbara suke zubawa a ƙasa. Mu nan Kausani har yaran makarantar allo sun fara nuna wa juna a wayar yayyensu, suna rantsuwa cewa Shehu ne.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Ba a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya ba sai 1839, a Faransa. To wa ya ɗauke shi?

Turawa sun riga mu shiga wannan rami. Gidajen tarihinsu cike suke da zanen Annabi Isa, alaihis salam, da Nana Maryamu, waɗanda aka yi sama da shekara dubu bayan zamaninsu. Mai zane a Italiya bai taɓa ganinsu ba, sai ya kalli fuskokin mutanen garinsu ya zana. Sannu a hankali zanen ya zauna a zukatan mutane tamkar gaskiya, har a nahiyarmu. Amma akwai abin da nake yaba wa gidajen nan: kusa da kowane zane akwai 'yar takarda mai sunan wanda ya zana da shekarar da ya yi.

Dubi zanen Ayuba Sulaiman Diallo, Bafillacen Bundu da ke ƙasar Senegal ta yau. An kama shi an sayar da shi bawa a Maryland ta Amurka, daga baya ya kuɓuta ya isa Landan. A 1733 William Hoare ya zana shi. Ga shi cikin farar riga da rawani, ga Alƙur'ani mai jan bango rataye a wuyansa, ido cikin ido yake kallonka, babu alamar ƙasƙanci a fuskarsa. Shi da kansa ya nemi a zana shi da tufafin ƙasarsu. An san wanda aka zana, an san mai zanen, an san shekarar. Shi ya sa zanen ya zama hujja, har hukumar gidajen tarihi ta Qatar ta saye shi a 2009.

Malamanmu suna da maganganu a kan zanen mai rai, wannan fagensu ne. Ni damuwata ƙaryar. Mu da aka tarbiyyantar a kan ba a karɓar hadisi sai an bi isnadinsa, yaya za a yi mu rungumi fuskar da ba ta da asali mu jingina wa Mujaddadi?

Alhali ga hotunan gaskiya suna lalacewa a adakokin iyayenmu, gara tana ci. Na alhazan farko, na malamai, na masu sarauta. Gidan Makama a Kano yana ajiye da tsofaffin hotunan sarakuna, amma 'yan kaɗan ne cikinmu suka taɓa leƙawa.

Ɗan'uwa, idan an turo maka irin wannan hoto, tambayi wanda ya yi shi da shekarar kafin ka tura gaba. Idan kuma akwai hoton kakanka a gida, ɗauko shi yau ka rubuta sunansa a baya tun masu shaida shi suna raye.