Gajeren madubin hangen nesa: a ina tallar ta yi gaskiya?

Mai karatu, idan ka fara neman babban madubin hangen nesa irin na Dobson, shawarar da za ka fi ji a yau ita ce: sayi gajere. Shawarar ba ƙarya ba ce, amma rabin zancen ake gaya maka, kuma kuɗin da za ka zuba ba kaɗan ba ne.

Bari mu fara da lambar da ake rubutawa f/5 ko f/3.3. Madubin da ke gindin na'urar yana tara haske a wuri ɗaya. Ka raba nisan wannan matattara da faɗin madubin, lambar ke nan. Madubi mai faɗin milimita 500 a f/5 yana tara haskensa a nisan milimita 2500, a f/3.3 kuwa milimita 1650.

A tsarin da Isaac Newton ya ƙera a 1668, wanda John Dobson ya sauƙaƙa a Amurka, ana leƙawa ne ta kusa da bakin bututun. To ka ga in ka ɗaga f/5 tsakiyar sama, gilashin leƙen yana kusan mita biyu da rabi daga ƙasa. Sai ka hau tsani, cikin duhu, ƙarfe biyun dare, ido ɗaya a rufe. A f/3.3 kana tsaye a ƙasa. A nan kam masu tallar sun yi gaskiya.

Inda muka rabu da su shi ne iƙirarin cewa gajeren ya fi haske. Wannan magana ta masu ɗaukar hoto ce. Ga idonka, in faɗin madubi ɗaya ne kuma girmamawa ɗaya ce, hasken ɗaya ne. Girmamawar ma gilashin leƙe ke sauya ta: na milimita 25 yana ba da ninki 100 a dogon, ninki 66 a gajeren. Kuma a gajeren, zaren hasken da ke fitowa daga wannan gilashi ya kai milimita 7.6, alhali ƙwayar idon matashi a duhu ba ta cika wuce 7 ba, ta dattijo ma wajen 5. Ragowar hasken, da ka biya kuɗinsa, a banza yake tafiya.

Babbar matsalar ita ce wutsiya. A irin wannan madubi, tauraron da ya kauce daga tsakiya yakan fito da 'yar jela maimakon ɗigo. Filin da taurari ke fita tsaf ya dogara ne da lambar nan in an ninka ta a kanta sau uku: kusan milimita 2.8 a f/5, amma ƙasa da milimita ɗaya a f/3.3. Saita madubai ma haka take ƙara tsanani. Kuskuren da dogo zai yafe maka, gajere ba zai yafe ba, kuma kowane dare sai ka sake saitawa. Dole ka sayi gilashin gyara irin Paracorr na kamfanin Tele Vue (shi ma yana ƙara nisan matattarar da kashi 15 cikin ɗari), sannan gilasan leƙe masu tsada, domin masu araha suna ɓata gefen hoto. Ga ƙaramin madubin sama da dole ya ƙara girma, ga wahalar wasa madubi mai zurfi, wadda ke shiga farashi. Wannan lissafin ba kasafai ake nuna maka shi ba.

A ganinmu, in madubinka bai wuce milimita 300 ba, f/5 ba ya bukatar tsani, don haka ba ka da dalilin neman gajere. A milimita 500, f/4 da ɗan matakala mai hawa biyu ya wadatar da yawancin mutane. Amma in gwiwa ta fara ciwo, ko yara ne za su riƙa leƙawa, to sayi f/3.3, ka sa kuɗin gilashin gyara cikin lissafi tun ranar farko.