Kafin Yaro Ya Saɓa Bindigarsa Ta Farko

Bayan an kawar da amfanin gona a bana, wata Juma'a da la'asar, ɗan ƙanena ya same ni a ƙofar gida a nan Gwarzo. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Hotunan bindigogi ne guda uku da wani abokinsa ya turo masa, kowacce da kuɗinta a ƙasa. Ya ce, "Baffa, wacce ce mai sauƙin kuɗi da za ta yi mini? Na sayar da wakena, so nake farautar bana in fita da tawa." Na tambaye shi wa zai koya masa harbi. Ya ce, "Ai Baffa ba wani abu ba ne, ɗanawa ne a ja kunama."

Amsar nan ta daɗe tana cin raina, domin ba shi kaɗai ba ne. Daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Kabo, duk mai lura zai ga yayin da ya shigo wa samarin 'yan farauta. Gora da kare sun zama kayan yara, bindigar toka ta zama ta tsofaffi, abin so yanzu shi ne mai cin harsashin kwanso, wadda ake karyawa a zura a rufe. Tunda ta kamfani ta fi ƙarfin aljihu, sai a koma ga wadda aka ƙera a ɓoye, a yi ta neman wadda ta fi araha. Ni kuwa a ganina, tambayar kuɗi ita ce ta ƙarshe da ya kamata mai neman bindigar farko ya yi, kuma mu manya mu ne muka bari ta zama ta farko.

Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma na ga yadda ake yin maharbi. Da danƙo yaro ke farawa, yana bin kurciya da hasbiya a bakin gona, har idonsa ya san nisa. In ya tasa sai ya shiga kora, da gorarsa da karensa, ya koyi inda zomo ke kwanciya da yadda fakara ke tashi. Daga nan, in ubangida ya yaba da hankalinsa, sai ya ba shi riƙon burgami, ya yi ta bin sa a baya yana ɗauke da albarushi, rani biyu, rani uku, bai taɓa kunama ba. A wannan tsakanin ne yake ganin yadda ake tsallake rami da bindiga, inda bakinta ke kallo in ana hira, da yadda ake sauke ta kafin a shiga gari. Ranar da za a ba shi ɗuri, ubangidan ne ke zaɓa masa bindigar, shi ya san maƙerin, shi zai fara harba ta. Yaron ba ya ciniki.

Ita kanta bindigar toka malama ce. Harbi ɗaya gare ta, in ka kuskure sai ka tsaya ka sake ɗuri, kafin nan naman ya yi nisa. Saboda haka mai ita ba ya harba motsin ciyawa, sai ya ga abu da idonsa ya tabbata. Mai cin kwanso kuwa ta ɗauke wannan jiran. Ba laifinta ba ne, ci gaba ne, amma haƙurin da tsohuwar ke koyarwa dole, sabuwar ba ta koyar da shi, sai an samo shi a wani wuri. Wurin ne ba mu tanada ba.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan riga ko takalmi, iyakar asarar ke nan, a rasa ado. A kan bindiga, hannu ake rasawa. Ina da maƙwabci a ƙauyenmu, magidanci mai 'ya'ya, wanda yatsu biyu suka rage masa a hannun hagu. Bindiga ya saya da rahusa, ta yi masa rani guda lafiya, a na biyu bututun ya tsage daidai inda yake tallafe da ita. Yanzu riƙon fartanya ma sai da dabara. Ƙarfin da harsashin kwanso ke saki a cikin bututu ya wuce abin da ƙarfen da ba a yi shi don wuta ba zai jure, kuma ido ba ya ganin raunin ƙarfe. Shi ya sa masu ƙera bindiga a Ingila suka kafa gidan gwaji a Birmingham tun 1813: kowace bindiga sai an harba ta da ƙarfin da ya zarce na yau da kullum, in ta tsira a buga mata hatimi, sannan a kai ta kasuwa. Wadda ake turo hotonta a waya, wa ya gwada ta? Mai saye ne zai gwada, da fuskarsa a jikinta.

Ban faɗi haka don in ƙasƙantar da maƙeranmu ba. Akwai gidajen ƙira da suka gaji gyaran bindigar toka kaka da kakanni, sun san iyakar abin da suke yi. Damuwata ita ce masu walda da suka shigo sana'ar don ganin kasuwa ta buɗe, ba su gada ba, ba su koya ba, ba kuma za ka same su ba in abin ya lalace.

Sai maganar doka, wadda yawancin samarinmu ba su taɓa jin ta ba. Dokar makamai ta Najeriya, ta 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Irin ta farauta mai cin kwanso, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ta ɗuri kuwa, irin tamu ta toka, al'amarinta na wajen Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha tare da amincewar Gwamna. Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka taɓa kamawa da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙera bindiga ba izini ma laifi ne. A watan Agusta na 2023, Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da ba da lasisin. Ma'anar wannan a fili take: yaron da ya tashi daga toka ya koma kwanso ya tsallaka daga wani gida na doka zuwa wani ba tare da ya sani ba. Kuɗin waken da yake ganin ya yi wa dabara, ninkinsu zai tafi a hanyar kotu, ban da zaman gidan yari.

Lokacin ma ba na wasa da bindiga ba ne. Mu a nan kan iyaka muke da Katsina, kuma hare-haren da aka kai ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025 sun sa kowa kunnensa a tashe. Tarihin Kano ya nuna bindiga ta shigo daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye dakarun bindiga. Jikokin wannan al'ada su ne 'yan bindigar da ke tashin hayaƙi a gaban sarki ranar Hawan Sallah, muna yara muna toshe kunne muna murna. Yau in ka ji an ce "'yan bindiga" a rediyo, gabanka ne zai faɗi. An ƙwace mana sunan. Kuma mun ga abin da zato ke jawowa: a ƙarshen Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan Kano da ke hanyar dawowa gida Sallah, da yawansu mutanen Torankawa ta Bunkure, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Zalunci ne tsantsa, babu uzurin da zai wanke shi. Amma ya nuna mana cewa mafarauci a yau yana buƙatar shaidar da za ta bambanta shi, ƙungiya da rajista da horo, fiye da yadda kakana ya buƙata.

Abin da ya kai mutanen nan har kudu shi ne dajinmu ya ƙare. Inda kakana ke samun gada da barewa duk ya zama gonar masara da waken suya. Abin da ya rage zomo ne, da zabin daji jefi-jefi, da gafiya. In aka fita farautar gayya, mutum ɗari ne a kan zomo biyar, ga ƙurar hunturu, ga karnuka, ga yara 'yan kora a gaba. Kowa ya san rigimar "ni na buge" da ke tashi a irin wannan taro. Da gora, rigimar na ƙarewa da rotse. A sa sababbin hannu goma masu kwanso a cikin wannan layi, a gaya mini da me za ta ƙare.

A nan ne nake ganin akwai abin koyi a wani wasa da wasu ƙasashe suka raya, wato harbin faifan yumɓu. Asalinsa, Turawa tattabaru masu rai suke saki suna harbi don gasa. A wasannin Olamfik na Faris a 1900 an kashe kusan 300 a irin wannan gasa, Ingila kuma ta haramta ta a 1921. Tun kafin nan, a 1880, wani Ba'amurke a Cincinnati, George Ligowsky, ya ƙirƙiro ɗan faifai na gasasshen yumɓu da ake cillawa sama a madadin tsuntsu, har yau kuma "tattabarar yumɓu" suke kiransa. Faɗinsa santimita 11 ne, bai fi murfin ƙaramin kwano ba. A nau'in da ake cilla shi yana gudu daga gaban maharbi, mutum na tsayawa mita 15 bayan na'urar, faifan kuma na tafiyar mita 76 kafin ya faɗi. A Olamfik faifai 125 kowa ke harba kafin a fitar da 'yan zagayen ƙarshe. Ba wasan Turawa kaɗai ba ne yanzu: Ahmed Al Maktoum na Daular Larabawa ya ci zinare a Atina a 2004, Azmy Mehelba na Masar ya zama zakaran duniya a 2022.

Ba lambar zinare ce ta ja hankalina ba. Tarbiyyar filin ce. Bindiga a karye take, ba harsashi, har sai mutum ya tsaya a gurbinsa. Ba a cilla faifai sai ya kira. Wanda ya juya bakin bindiga wajen mutane, ko da ba komai a cikinta, fitar da shi ake yi. Sabon shiga kuma ba a fara masa da saye. Da ta aro yake koyo a gaban malami, har a gane wadda ta zauna masa a kafaɗa, wadda in ya ɗaga ta idonsa ke faɗawa daidai kan saiti, wadda dukanta bai fi ƙarfinsa ba. In ya zo saye, sau da yawa tsohuwa mai hatimin gwaji ake nuna masa, a ce ya rage kuɗi don atisaye. Da na karanta wannan sai na ga burgamin kakana ne a wata siga. Su sun mai da shi ƙa'ida a rubuce, mu mun bar namu ya zube. Addininmu ma ya riga su: ya kwaɗaitar da koyon harbi, ya kuma hana a mai da abu mai rai abin gwada saiti, wanda shi ne ainihin abin da yaro ke yi in ya sayi sabuwar bindiga ya nufi kukar da balbelu ke kwana.

Na san abin da za a ce. Harsashi da tsada, lasisi a rufe, kuma wace hukuma ce za ta yarda a tara samari ana koya musu harbi a irin wannan lokaci? Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya share fili gobe ya fara. Amma samarin nan suna koyon harbi ko an yarda ko ba a yarda ba, a bayan gari, ba malami, ba rajista. Zaɓin da ke gabanmu tsakanin koyo a ɓoye ne da koyo a gaban Sarkin Baka da jami'in 'yan sanda, da sunan kowa a littafi. Kayan aikin ma ba su gagare mu ba. Masu ginin tukwane za su iya yin faifan, hannu na iya cilla shi, kuma matakin farko ba ya buƙatar albarushi ko kaɗan: danƙo da baka da kibiya sun isa a gane mai natsuwa da mai rawar kai.

Ɗan ƙanena dai na ce masa ya goge hotunan. Na kai shi wajen wani dattijon maharbi, abokin marigayi kawuna, na ce, "Baba, ga ɗanka nan, a ba shi riƙon jaka." Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, za ka iya rani biyu ba ka harba ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce zai iya. Kuɗin waken ya sa su a tumaki biyu.

Roƙona ga Sarakunan Baka na Gwarzo da Kabo, da hakimai da dagatai, da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta: ku zauna da 'yan sanda kafin farautar rani mai zuwa, ku rubuta sunayen yaranku, ku dawo da riƙon burgami, kuma kada ku bar wanda ba shi da ubangida ya shiga layi da bindiga.