Bikin Littattafai: Ina Rabon Mutanen Karkara?

Cikin 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo ƙasar Hausa wadda kakanni ba su san ta ba, watau bikin littattafai. Yadda a ke yinsa shi ne, a sa rana, a nemi wani babban ɗakin taro cikin birni, a gayyato mawallafa da malamai da masu sayar da littattafai, a yi kwana uku ko huɗu ana hira da su gaban jama'a. A kan yi muhawara, a karanta waƙoƙi, a nuna majigi, wani lokaci kuma a keɓe wa 'yan makaranta nasu sashe. Asalin abin daga Turawa ne, su kuwa yawanci su kan yi shi sa'ad da sanyi ya wuce a ƙasarsu, rana ta buɗe, makarantu suna hutu. A Nijeriya wanda ya fi suna shi ne na Ake, wanda Lola Shoneyin ta fara a Abekuta cikin 2013. Ita ce kuma ta haɗa kai da Gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, aka yi irinsa a Kaduna cikin watan Yuli na 2017, aka sa masa suna KABAFEST. Cikin watan Oktoba na 2021 kuma Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka fara wani, shi ma a Kaduna, mai suna HIBAF, wanda aka kafa musamman domin adabin Hausa.

Yabon gwani ya zama dole. Waɗanda suka ɗauki wannan kaya sun yi aikin da ya cancanci godiya. A KABAFEST aka girmama Zainab Alkali saboda daɗewarta tana rubutu, a bikin 2017 kuma aka kawo Leila Aboulela, mawallafiya 'yar asalin Sudan, ta zauna gaban samari da 'yan mata suna tambayarta tana amsawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dubban 'yan makaranta sun karanta Ruwan Bagaja har sun haddace sassansa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ɗora ido bisa Abubakar Imam. Yaron da ya ga mawallafi ido da ido, ya ga ashe mutum ne kamar kawunsa, yana tari yana dariya, ya kan fara tunanin ko shi ma zai iya. Gani ya kori ji.

To, amma ba a auna biki da yawan kujerun da aka cika, ko da yawan hotunan da aka ɗauka. Bikin aure, komi armashinsa, ana auna shi ne da zaman da ma'aurata suka yi bayan 'yan biki sun watse. Haka nan bikin littattafai, abin tambaya shi ne, bayan an naɗe tabarma, wa ya sami littafin da a da ba shi da shi, wa kuma ya shiga karatu wanda a da ba ya yi? Domin amsa wannan, mai karatu ya ɗauki gari guda ya mai da shi ma'auni. Ya ɗauki Babban Mutum, cikin ƙasar Ɓaure ta masarautar Daura, can kusa da iyakar Nijeriya da Nijar. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa, akwai makarantun allo, akwai na boko, akwai kuma waɗanda suka iya karatu da ajami ko da boko ko duka biyu. Irin wannan gari shi ne ainihin ƙasar Hausa, gama mutanen da ke zaune a irinsa sun fi na birane yawa. Mene ne ya iso musu daga waɗannan bukukuwa? In an faɗi gaskiya, abin da ya iso bai wuce labari a rediyo ba, ko hoton da wani ya gani a wayar hannu.

Dalili na fari shi ne lokaci. An yi bikin Kaduna na farko cikin Yuli, tsakiyar damina, sa'ad da ko wane mai ƙarfi a ƙasar Daura yana duƙe bisa fartanya. Na 2018 da na 2019 an yi su cikin Satumba, sa'ad da gero ya nuna ana shirin girbi. Bahaushe kuwa tun tuni ya san lokacin shagali. Sai kaka ta yi, an kai amfani gida, rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi, sa'an nan a ke ɗaura aure, a yi dambe da kokawa. Wanda ya sa ranar biki bai dubi gona ba, ya riga ya zaɓi waɗanda ya ke so su zo.

Dalili na biyu shi ne wuri da harshe. Daga Babban Mutum zuwa Kaduna tafiyar kusan wuni ce cikin mota, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na abinci. Malamin firamare ma da ƙyar zai iya, balle almajirinsa. In kuwa ya yi ƙoƙari ya isa, sai ya tarar yawancin zaman KABAFEST da Turanci a ke yi, na Hausa 'yan kaɗan ne. HIBAF ya gyara wannan gefe, ya ba Hausa matsayin mai gida, wannan kuwa ci gaba ne na gaske. Amma shi ma bikin birni ne, na malaman jami'a da ɗalibansu da 'yan jarida. Harshe ya sauko, wuri bai sauko ba.

Sai kuma yadda a ke gudanar da zaman kansa. Hirar da a ke yi da mawallafi sau da yawa ta kan koma kirari. Mai tambaya ya wasa mawallafi, mawallafi ya gode, ya ba da labarin wahalar da ya sha kafin a buga littafinsa, jama'a su yi tafi, a tashi. Ba a cika buɗe littafin a ce masa, ga shafi kaza, me ya sa wannan mata ta yi abin da ta yi, alhali a farkon labari ba halinta ba ne? Dalilin haka a fili ya ke: yawancin mazauna ɗakin ba su karanta littafin ba, gama a nan bakin ƙofa suka fara ganinsa, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin ɗalibi. Almajiri ba ya zuwa gaban malami da allon da bai biya ba. Da a ce ana aika littafin makarantu wata biyu kafin biki, da tambayoyin sun yi nauyi, da shi mawallafin ma ya ƙaru.

Muhawara ma haka. Abin da a ke kira muhawara a irin waɗannan tarurruka, galibi mutum huɗu ne masu ra'ayi ɗaya su jeru bisa kujeru, ko wanne ya ƙarfafa maganar ɗan'uwansa. Alhali kuwa adabin Hausa ya san muhawara ta gaske. Cikin shekarun 1990 an yi ta fafatawa a jaridu bisa littattafan soyayya da a ke bugawa a Kano. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, yana ganin ba su da ingancin da zai sa su daɗe. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya musu, suna cewa su ne suka sa mata da matasa karatu da Hausa. An yi zafi, an ɓata wa juna rai, amma wanda ya bi maganar daga farko har ƙarshe ya fita da ilmi. Irin wannan ce ta kamata a kawo gaban jama'a, a sa mai sukan littattafan soyayya da mai rubuta su zama ɗaya, a bar uwa da malamin Islamiyya su ma su tofa albarkacin bakinsu, tun da su ne ke ganin abin da 'ya'ya su ke karantawa.

Sashen yara shi ne ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A kan ɗebo 'yan makarantun birni cikin tufafi masu tsabta, a zaunar da su, a karanta musu labari, a ɗauki hoto, su koma. Yaron Babban Mutum kuwa ba baƙo ba ne ga adabi. Tun yana goye ya ke jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya iya kacici-kacici, ya san labarin Bayajida da rijiyar Kusugu tun kafin ya shiga aji ɗaya. Abin da ya rasa shi ne littafin da zai riƙe da hannunsa, ya kai gida, ya karanta wa ƙannensa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya gama firamare bai taɓa karance littafin hira ko guda ba, da wuya a mai da shi mai karatu bayan ya yi gemu.

Abin mamaki, mutanen da suka fi na yanzu ƙarancin kayan aiki sun fi su fahimtar wannan. Cikin 1933, da Hukumar Talifi ta Zariya ta so a sami littattafan hira da Hausa, shugabanta Rupert East bai zauna ofis ya jira ba, ya taka da kansa zuwa garuruwa yana yi wa malamai bayani. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Cikin 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka sa mata kuɗin da talaka zai iya biya. Daga 1954 zuwa 1959 kuma hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha, da boko da ajami, domin waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci su sami abin karantawa kada su mance. Aka yi wa larduna jaridunsu, Lardin Katsina, wanda Daura ke cikinsa, aka yi masa Himma. Hukumar ba ta daɗe ba, ta rushe, amma manufarta daidai ce: littafi ne ya kamata ya bi mutum har ƙofar gidansa.

Akwai kuma wani misali na kusa wanda masu shirya biki ya kamata su duba, watau musabaƙar karatun Alƙur'ani mai girma, wadda jami'ar Sakkwato, wadda yanzu a ke kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta fara cikin 1986. Hikimar tsarinta ita ce daga ƙasa ta ke tasowa. A fara a ƙaramar hukuma, waɗanda suka ci su tafi jiha, na jiha su tafi ta ƙasa baki ɗaya, ita kuma ta ƙasa tana zagaya jihohi. Saboda haka yaron ƙauye ya san akwai hanyar da ta taso daga zauren malaminsa har zuwa babban taro. Ba a kwatanta littafin hira da Littafin Allah, amma tsari abin koyi ne.

Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar gare ta: Daura, da Ɓaure, da Zango, da Sandamu, da Mai'aduwa. Ba abin da zai hana, bayan kaka, a yi ƙaramin biki na wuni ɗaya a filin makarantar firamare ta gari kamar Babban Mutum, a daidaita shi da ranar da kasuwa ke ci. Mawallafi ɗaya ya isa. Tun da wuri a aika wa hedimasta littafinsa, malamai su riƙa karanta wa yara babi guda ko wane mako. Ranar biki da safe yara su yi gasar karatu a bayyane da ta rubuta gajeren labari, wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami. Da la'asar a yi muhawara bisa abin da ya dami mutanen wurin, kamar tafiya ci-rani ko karatun 'ya'ya mata. In mawallafiya ce ta zo, ta shiga makarantar matan aure ta zauna da su, gama mata suna cikin manyan masu rubuta littattafan Hausa na zamani, su ne kuma manyan masu karanta su. Kafin a watse a bar akwatin littattafai hannun makaranta, da rajistar aro, wanda za a duba baɗi a ga sau nawa ko wane littafi ya fita. Zakarun gari su tafi Ɓaure, na Ɓaure su tafi Daura, na Daura su tafi Katsina, daga nan su isa babban biki. Garin da ya saba tara dubban mutane ko wace shekara domin Sallar Gani, ba za a koya masa saukar baƙi ba.

Wani zai ce wannan duk mafarki ne, ina kuɗi? Amsa ita ce, abin da a ke kashewa wajen jirgin sama da masaukin babban baƙo guda zai sayi littattafan Hausa masu yawa. Wani kuma zai ce zamani ya sauya, yanzu a waya a ke karatu, a rediyo a ke sauraron littafi. Gaskiya ne, amma wannan hujja ce ga mutanen karkara, ba a kansu ba, domin ta nuna ƙishirwar labari tana nan, guga ce babu. Ba kuwa ana nufin a rushe bikin birni ba ne. Yana da amfaninsa, nan mawallafa su ke sanin juna, nan baƙi na ƙasashen waje su ke sanin Arewa tana da masu alƙalami. Abin nufi shi ne ya zama kan tsani, a kafa masa matakai daga ƙasa.

In ba a yi haka ba, za a yi ta taruwa shekara da shekaru, mutanen jiya su ne na yau, suna yi wa juna tafi, a zama taron tsintsiya ba shara. Ranar da aka ga yarinya daga ƙasar Ɓaure ta tsaya gaban jama'a a Kaduna tana karanta labarin da ta rubuta da hannunta, ta kuma faɗi sunan littafin da ta fara ara daga akwatin makarantarsu, ran nan ne za a ce bikin littattafai ya zauna a ƙasar Hausa. Allah ya ba shugabanni da masu ilmi ikon kai wannan alheri inda aka fi bukatarsa, amin.